Shaye-shaye da Ciwon Ƙwaƙwalwa Tsakanin Samarin Zango



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin jama'a zuwa ga wata matsala wadda ta daɗe tana cin matasa a ɓoye, watau haɗuwar shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa a jikin yaro guda. An ɗauki misali da yaran Arewa masu neman abinci a Kasuwar Relief ta Anaca da unguwannin Hausawa na Inugu da Fatakwal, amma abin da za a faɗa ya shafi kowane gari a ƙasar nan, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

SU WANE NE WAƊANNAN YARA?

Zaman mutanen Arewa a wannan sashe na ƙasa ba sabon abu ba ne. Tun da aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Fatakwal zuwa Inugu cikin 1916, daga baya kuma aka sada ta da Arewa ta Makurɗi da Kafancan, fatake suka yi ta kai shanu da hatsi, suna komowa da manja da garin rogo. Har ma Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato, shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko cikin shekarun 1950. A yau manyan motoci ne suka gaji jirgin ƙasa. Kullum suna sauke albasa da tumatir da wake da dabbobi a kasuwannin Anaca, da Gariki ta Inugu, da kara ta Amansea da Ugwuoba da Lokpanta, da kuma Oyigbo a bakin Fatakwal.

To, ba kaya kaɗai motocin nan suke saukewa ba. A bisa buhunan albasa, ko a tsakanin dabbobi, akan ga yara 'yan shekara 13 zuwa 19 waɗanda suka baro gida domin ci-rani. Waɗansunsu almajirai ne da suka ajiye allo, waɗansu rashin zaman lafiya ne ya raba su da ƙauyukansu a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Barno, waɗansu kuwa talauci ne kurum ya koro su. Su ne 'yan dako da masu tura baro, su ne yaran masu shayi da na mahauta, su ne masu gyaran takalma da masu yankan farce.

Irin wannan yaro yakan tashi tun kafin asuba, ya yini yana ɗaukar kayan da suka fi ƙarfinsa, sa'an nan ya kwana a barandar shago, ko a harabar masallaci, ko a ƙarƙashin mota. Ba ya jin harshen mutanen gari sosai, kuma tsakaninsa da mahaifiyarsa tafiyar kwana guda ce ko biyu. Daɗin daɗawa, ga zaman ɗar-ɗar duk sa'ad da wata fitina ta tashi, kamar wadda ta auku a Oyigbo cikin watan Oktoba na 2020, ko kuwa zaman gida na dole na ranar Litinin da aka fara a jihohin Kudu maso Gabas cikin watan Agusta na 2021, wanda ya riƙa hana mai neman na yau da gobe samun abin kai wa baka rana guda a mako. Gajiya da kaɗaici da tsoro su ne tsagar da ke jikin bango, kuma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

GIRMAN MATSALAR

A cikin watan Janairu na 2019 aka bayyana sakamakon babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai Yaƙi da Miyagun Ƙwayoyi da Laifuffuka. Binciken ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, watau kashi 14.4 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da wani kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Mutum miliyan 10.6 sun sha tabar wiwi, miliyan 4.6 sun sha ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramol ba bisa umurnin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari domin maye. Ɗaya cikin kowane mutum biyar masu shan ya riga ya kai matsayin da shan ya zame masa ciwo. Ɗaya cikin kowane huɗu kuwa mace ce.

Kayan mayen kuma ba su da wuyar samu a wannan yanki. Babbar kasuwar magunguna ta Anaca, wadda take gindin gadar Kogin Kwara, akwai 'yan kasuwa masu gaskiya da yawa a cikinta, amma duk da haka sai da hukumar NAFDAC ta rufe ta na ɗan lokaci cikin 2007, ta sake rufe ta cikin watan Fabrairu na 2025, saboda jabun magunguna da waɗanda doka ta haramta. A tashar jiragen ruwa ta Onne kusa da Fatakwal an sha kama kwantenoni cike da tiramol da maganin tari mai kodin, ko da yake Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafa wannan maganin tari da shigo da shi tun ranar 1 ga watan Mayu na 2018. Tiramol ɗin da aka yarda likita ya rubuta mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, alhali wanda ake sayar wa 'yan dako a bayan fage yakan kai 200 ko 225, har 250.

Akwai kuma wata sabuwar guba mai kama da ɓarɓashin ƙanƙara, wadda samari suke kira ais, Ibo kuma suke ce mata mkpuru mmiri. Cikin 2016 hukumar NDLEA ta gano wata babbar masana'antarta a Asaba, tsallaken kogi daga Anaca, ta kama waɗansu 'yan ƙasar Meziko a ciki. Zuwa 2021 garuruwan Ibo da yawa sun tashi tsaye suna kuka da ɓarnar da take yi wa 'ya'yansu. Yaron Arewa da yake zaune a cikinsu ba shi da wata garkuwa ta dabam. Ga shi kuma ya zo da sanin na gida, irin su sholisho da roci da diyazafam da zaƙami.

Ta ɗaya gefen, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wani nau'i na ciwon ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka suna farawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Ya kamata a lura cewa ciwon ƙwaƙwalwa ba shi ne kawai haukan tuɓuran da ake gani a bakin kasuwa ba. Ciwon damuwa mai tsanani, da yawan fargaba, da firgitar da take bin wanda ya ga tashin hankali da idonsa, duk suna ciki, kuma su ne suka fi yawa.

YADDA CUTUTTUKAN BIYU SUKE HAƊUWA

Binciken da likitoci suka yi a Amurka ya nuna cewa kusan rabin mutanen da shaye-shaye ya zame wa ciwo suna gamuwa da wani ciwon ƙwaƙwalwa a cikin rayuwarsu, haka kuma kusan rabin masu ciwon ƙwaƙwalwa suna faɗawa cikin shaye-shaye. Masana sun bayyana hanyoyi uku da wannan haɗuwa take aukuwa.

Hanya ta farko ita ce ciwon ya riga ƙwaya zuwa. A ɗauki misalin yaron da 'yan bindiga suka kashe mahaifinsa a gabansa. Ya iso Anaca da ƙafafunsa lafiya, amma in dare ya yi barci ba ya zuwa, in ya zo kuma sai mafarkin abin da ya gani. Wani abokin aiki ya ba shi ƙwaya guda, ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba. Wannan yaro magani yake nema, sai ya dace da mugun mai magani. Da tafiya ta yi tafiya, ƙwaya guda ba ta isarsa, kuma duk sa'ad da ta sake shi damuwar takan komo fiye da dā.

Hanya ta biyu ita ce ƙwaya ta riga ciwo zuwa. Ɗan dako yakan fara shan tiramol domin kada ya ji ciwon baya, ya kuma ƙara yawan kayan da zai ɗauka a rana. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa ba ta gama ƙosawa sai wajen shekara 25, musamman sashen gaba wanda yake auna abin da zai biyo bayan aiki, ya kuma tsawata wa zuciya. Saboda haka guba ta fi yi wa ta yaro illa fiye da ta babba. Yawan shan tabar wiwi tun da ƙuruciya yana ƙara hatsarin taɓin hankali, inda mutum zai riƙa jin muryoyin da babu mai yin su. Ais tana hana barci kwana da kwanaki, ta sa mai shanta ya riƙa zargin kowa yana neman ransa. Tiramol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Sholisho kuwa yana lalata ƙwaƙwalwa kai tsaye.

Hanya ta uku ita ce su biyun su tsiro daga tushe guda, kamar gado a cikin jini, ko maraici, ko azabar da yaro ya sha tun yana ƙarami. Ko ta wace hanya suka haɗu, da zarar sun haɗu kowane yana ciyar da ɗan'uwansa. Wannan shi ne dalilin da ya sa in aka yi maganin ɗaya aka bar ɗaya, wanda aka bari yakan jawo wanda aka kora ya komo.

ALAMOMIN DA ZA A LURA DA SU

Wanda ya fi kowa damar ganewa da wuri shi ne wanda yake ganin yaron kullum, watau maigidansa, ko fatoman da ya saukar da shi, ko abokin kwanansa. Abin da za a duba shi ne sauyin hali. Yaron da aka sani da fara'a ya koma zaman shiru shi kaɗai, ko mai haƙuri ya koma mai saurin fushi. Ya daina cin abinci yana ramewa, ko ya daina wanka da wanki. Ya kwana biyu ko uku idonsa biyu, ko kuwa ya yini yana gyangyaɗi a bakin aiki. Kuɗinsa ba sa zama, na maigida kuma sun fara ɓacewa. Yana magana ko dariya shi kaɗai, ko yana cewa ana bin sa, ko ya ƙi cin abin da aka ba shi don tsoron guba.

Akwai alamomi biyu da ba sa jiran gobe. Ta farko, in yaro ya fara cewa ya gaji da duniya, ko mutuwa ta fi masa, kada a ɗauka wasa yake yi, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A tambaye shi a hankali abin da yake damunsa, domin tambayar ba ta sa mutum ya aikata abin, sa'an nan a kai shi asibiti a ranar. Ta biyu, in aka tarar da shi a sume, numfashinsa yana fita a hankali ko da ƙyar, kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwa, domin suna iya bi ta hanyar numfashi su kashe shi. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya da shi asibiti mafi kusa, a kuma tafi da kwalba ko fakitin abin da ya sha. Haɗa kodin da roci ko diyazafam ko giya shi ne ya fi kawo irin wannan suma.

ABUBUWAN DA BA SU YIN MAGANI

Abu na farko da akan yi shi ne duka. Bulala tana iya sa yaro ya ɓoye shan, amma ba ta cire firgita daga zuciyarsa, sai ma ta ƙara masa dalilin neman abin da zai mantar da shi.

Na biyu shi ne mari. Cikin watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fitar da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa cikin Kaduna, da yawansu yara, waɗansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a jiki. Bayan haka aka rufe waɗansu gidaje irinsa a Katsina da Daura. Yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu can gyara suke nema, ba su san wata hanya ba ce. Ban da zaluncin da ke ciki, raba mutum da waɗansu ƙwayoyi farat ɗaya, musamman diyazafam da danginsa, yana iya kawo jijjiga har da rasa rai.

Na uku shi ne abin da aka fi yi a zango, watau a haɗa wa yaro kuɗin mota, a ɗora shi a kan tirelar da za ta koma Arewa, a ce iyayensa su ji da shi. Niyyar mai kyau ce, amma yaron da hankalinsa ba ya jikinsa yana iya sauka a kan hanya ya ɓace. In ma ya isa, sau da yawa ƙauyen da ya koma babu ko ɗakin shan magani, ga kuma kunyar komowa hannu biyu. In har komawa gida ta zama dole, to likita ya fara ganinsa, a karɓo takarda zuwa asibitin da ya fi kusa da garinsu, sa'an nan wani babba ya raka shi har ya danƙa shi hannun danginsa.

Na huɗu shi ne a ɗora komai a kan iska ko sammu, a yi ta yawo da yaro wata da watanni alhali ciwo yana ƙara kama jiki. Addu'a da nasihar malamai suna da babban matsayi wajen kwantar da hankalin majiyyaci da iyalinsa, kuma ba su hana zuwa asibiti ba.

INA MAGANI YAKE?

Magani na gaskiya shi ne wanda ya haɗa cututtukan biyu a lokaci guda, a hannun ma'aikata guda. Likita zai binciki abin da yaro yake sha da abin da yake damunsa, ya janye shi daga ƙwayar sannu a hankali, ya ba shi maganin damuwa ko na taɓin hankali in akwai bukata, a kuma riƙa zama da shi ana tattaunawa har ya koyi yadda zai fuskanci gajiya da ɓacin rai ba tare da maye ba. Wannan aiki ne na watanni. Yaro yakan yi tuntuɓe ya koma sha sau ɗaya ko sau biyu, kuma hakan ba ya nufin magani ya ƙi. Alama ce a koma wurin likita da wuri.

A Inugu akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a unguwar New Haven. A Jihar Anambara akwai na Nawfia kusa da Awka, a Fatakwal kuma akwai na Rumuigbo, ban da sassan kula da ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa na jami'o'i. A Arewa akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato, da na Maiduguri, da na Dawanau a Kano. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa da Doka ta 48 ta 1989, ban da kama dillalai tana da masu ba da shawara a ofisoshinta na jihohi, kuma cikin 2022 ta buɗe layin waya na kyauta mai lamba 0800 1020 3040 domin masu neman taimako.

Bugu da ƙari, cikin watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Sabuwar dokar ta tabbatar wa mai ciwon ƙwaƙwalwa haƙƙinsa na samun magani da kiyaye mutuncinsa, ta kuma hana a wulaƙanta shi ko a nuna masa bambanci. 

Akwai darasi kuma a tarihin ƙasar nan. Cikin 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fito da wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda majiyyata suke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani daga cikin danginsu, suna zuwa asibiti karɓar magani. Tsarin ya yi suna a duniya, domin ya nuna cewa mai ciwon ƙwaƙwalwa ya fi saurin samun sauƙi in yana cikin mutane, da nasa a kusa da shi. Yaron da ke Anaca ko Fatakwal ba shi da uwa ko uba a kusa. Saboda haka tilas wani ya tsaya a matsayinsu.

AIKIN DA KE KAN KOWA

Maigidan da ya ɗauki yaro aiki shi ne ubansa a baƙon wuri. Wajibi ne ya san sunan garinsu da lambar wayar wani danginsa, ya san inda yake kwana, kada ya ɗora masa aikin da ba ya yiwuwa sai da ƙwaya. Wanda ya ga yaro ɗan shekara 15 yana sauke buhu bayan buhu tun safe har dare ba ya gajiya, ya kamata ya tambayi kansa daga ina wannan ƙarfi ya fito.

Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna iya ajiye rajistar yaran da suke sauka a hannunsu, su keɓe wani abu daga kuɗin ƙungiya domin kai marar lafiya asibiti, su kuma zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu jin Turanci ko Ibo waɗanda za su riƙa yi wa majiyyaci tafinta a gaban likita. Haka nan ya kamata su haɗa kai da shugabannin masu masaukinsu wajen tona asirin masu sayar da guba, domin dillalin da yake sayar wa ɗan Ibo shi ne yake sayar wa ɗan Bahaushe.

Limamai da malamai su bayyana wa jama'a cewa ciwon ƙwaƙwalwa ciwo ne kamar hawan jini ko ciwon suga, ba abin kunya ba ne, ba kuma alamar raunin imani ba ce. Masu kemis su tuna cewa sayar da tiramol ko diyazafam ba tare da takardar likita ba laifi ne a doka. Kada kuma a manta da 'yan mata masu talla da masu aikatau, domin su sun fi ɓoye abin da ke damunsu, kuma kaɗan ne daga cikinsu ake kai wa asibiti.

Iyaye a gida kuwa, kada hulɗarsu da ɗansu ta tsaya ga tambayar kuɗin da zai aiko. Su riƙa kiransa suna jin muryarsa, su tambaye shi barcinsa da abincinsa da abokansa. Wanda bai kai munzalin tafiya ba, barinsa a makaranta ko a wurin koyon sana'a kusa da gida ya fi alheri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A ƙarshe, abin da ake roƙon kowa shi ne, duk sa'ad da aka kama yaro da ƙwaya, kafin a ɗaga bulala ko a nemi mota mai komawa Arewa, a zaunar da shi a tambaye shi abin da yake damunsa, sa'an nan a kai shi inda za a duba cututtukan biyu tare. Yawancin waɗanda aka kai da wuri suna samun sauƙi, su koma bakin sana'arsu, su amfani kansu da iyayensu da ƙasa baki ɗaya.

Allah Ya shiryi zuriya, Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya zaunar da ƙasar nan lafiya. Wassalamu alaikum.